Wurin ƙyanƙyasar kifi na Issaquah: yaushe za mu je, me za mu nuna wa yara?

Wata 'yar'uwa da ke zaune kusa da birnin Seattle, a jihar Washington ta Amurka, ta aiko da tambaya. Makarantar ɗanta za ta kai su wurin ƙyanƙyasar kifin salmon da ke tsakiyar garin Issaquah, ita ma tana son ta kwashi sauran yaran su je a ƙarshen mako. Tana son sanin ko wurin kamar gidan gonar kifi ne irin na gida, wane lokaci ya fi dacewa, me za ta nuna wa yara, kuma ko gaskiya ne kifayen mutuwa suke yi a gaban jama'a.

Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya raya mana zuri'a. Na yi shekaru ina ƙyanƙyasar tarwaɗa a gida kafin karatu ya kawo ni wannan yanki, kuma na je Issaquah ya fi a ƙirga, don haka tambayarki ta zo inda nake so. Ku je, babu shakka. Amma ki ajiye hoton gidan gona a gefe tun daga gida, domin idan kika shiga da shi za ki riƙa neman abin da babu. A gidan gona ana ƙyanƙyashe kifi, a ciyar da shi wata biyar ko shida, a ɗora a sikeli a sayar. A Issaquah ana ƙyanƙyashe shi, a yi ta ɗawainiya da shi, ranar da ya isa sai a buɗe masa ƙofa ya bi rafi ya tafi teku, a zauna jiran shekara biyu, uku ko huɗu a ga ko zai dawo. Ba a sayar wa baƙo ko ƙwaya ɗaya, ba a kuma karɓar kuɗin shiga.

Dalilin kafa wurin shi ne abu na farko da ya kamata ki riƙe. An gina shi a 1936, cikin ayyukan da gwamnatin Amurka ta ƙirƙiro don samar wa mutane abin yi a lokacin babban karayar tattalin arziki. Kafin nan saran itatuwa da haƙar kwal da sauran ayyukan mutane sun lalata rafin Issaquah har kifinsa ya kusa ƙarewa, sai da aka ɗebo iri daga kogin Green da ke kudu aka fara aikin. Wato wurin nan magani ne aka kawo wa rafin da aka ji wa ciwo. Duk abin da za ki gani a ciki, daga shingen da ya tare ruwa har tankunan siminti, yana yin aikin da a da tsakuwar rafin ke yi da kanta kyauta. Hukumar kifi da namun daji ta jihar ce ke tafiyar da shi. A farkon shekarun 1990 an so rufe shi saboda ƙarancin kuɗi, mutanen gari suka tashi tsaye suka hana, kuma daga wannan yunƙurin ne ƙungiyar 'yan sa-kan da ke zagayawa da baƙi a yau ta samo asali. Ki nemi ɗaya daga cikinsu da zarar kun isa. Yawancinsu dattawa ne da suka yi ritaya, suna da haƙuri da tambayoyin yara.

Lokaci shi ne komai. Wanda ya je a watan Yuni zai ga gine-gine da alluna da 'yan ƙananan kifi a tanki, ya dawo yana cewa babu komai a wurin. Manyan kifayen salmon da ake kira shinuk, waɗanda za ki ga an rubuta Chinook a alluna, suna fara isowa daga ƙarshen Agusta, su yi yawa daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba. Koho, waɗanda ba su kai su girma ba, suna biyo baya a Oktoba da Nuwamba. In kina da zaɓi, ku je washegarin ranar da aka sha ruwan sama sosai, domin ƙaruwar ruwa da sanyinsa ne ke motsa kifin da ya yi kwanaki yana jira a bakin tafkin da rafin ke zuba a ciki. A ƙarshen makon farko na Oktoba garin na yin bikin dawowar salmon, wanda aka fara tun 1970. Akwai kiɗa da rumfunan abinci da fareti, amma cunkoson yana hana yaro tsayawa ya kalli ruwa da kyau. Ni ina ba da shawarar mako ɗaya kafin bikin ko bayansa, da hantsi. Daga Seattle tafiyar ba ta kai kilomita 30 ba ta babbar hanyar I-90. A sa wa yara rigar ruwa da takalmi mai rufi.

Idan kun isa, kada ku fara da ginin. Ku wuce kai tsaye kan gadar da ke saman rafin ku tsaya, ku yi shiru na minti biyar. Da farko yaran za su ce ba su ga komai ba, sai duwatsu. Can sai wani dutse ya motsa, sai a gane ashe bayan kifi ne mai tsawon hannun babban mutum, daga nan idonsu ya buɗe su ga ashe ruwan cike yake. In kina da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa irin na direbobi, ki tafi da shi su riƙa karɓa. Ki nemo musu wurin da tsakuwa ta yi haske fiye da ta kewaye, kamar an share ta. Wannan gidan ƙwai ne. Macen ce ke kwantawa a gefenta ta riƙa bugun ƙasa da wutsiya har ta haƙa rami, ta zuba ƙwai, namiji ya matso ya saki ruwansa a kai, sannan ta matsa sama kaɗan ta sake haƙa, tsakuwar da ta taso ta gangaro ta rufe na farkon. Shi ya sa za ki ga wutsiyar mata ta yi fari ta yage. Maza kuwa bakinsu ya lanƙwashe kamar ƙugiya, haƙora a waje, suna ta korar juna. Wannan kallo na kan gada ya fi duk abin da ke cikin ginin daraja, domin shi ne yadda Allah ya tsara abin tun asali.

Ki gaya wa yaran daga ina kifin ya fito, don su san wa suke kallo. Shinuk ɗin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ya yi shekara biyu zuwa huɗu a tekun Fasifik, wasu har gaɓar Kanada da Alaska. Da lokaci ya yi ya shigo mashigin Puget, ya zo ƙofofin ruwa na unguwar Ballard a cikin Seattle, inda ake ɗaga jirage daga ruwan gishiri zuwa ruwan daɗi. A nan ya hau matakalar kifi mai hawa 21, ya ratsa tsakiyar birni ta ƙarƙashin gadoji da jirage, ya shiga tafkin Washington, ya bi kogin Sammamish, ya ƙetare tafkin Sammamish, sannan ya shigo wannan ɗan rafi. Sama da kilomita 60 ke nan daga ruwan gishiri, kuma tun da ya baro teku bai ci komai ba. Kitsen jikinsa yake ƙonawa. Hanyar ma ba ta kakanninsa ba ce. A 1916, da aka haƙa mashigin jirage, tafkin Washington ya sauka da kusan mita uku, kogin Black da ruwan tafkin ke fita ta cikinsa ya ƙafe, dole kifi ya koyi sabuwar ƙofa. A watannin zafi ruwan wannan mashigi yakan haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, wanda ga salmon wahala ce babba, kuma wasu a nan suke ƙarewa.

Tambayar da yaro zai yi, kuma dole ya yi ta, ita ce yadda kifin ya gane hanya. Amsar tana da daɗi musamman a nan, domin a wannan rafin ne aka yi gwajin da ya shahara a kai. Wasu masana biyu daga jami'ar Wisconsin, Arthur Hasler da Warren Wisby, sun yi zargin cewa da hanci salmon ke gane gida. Suka kama koho a rafin Issaquah da kuma reshensa na gabas, suka toshe wa rabinsu hanci da auduga, suka mayar da su duka ƙasa da inda rassan biyu suka haɗu, suka sake su. Waɗanda hancinsu ke buɗe kusan duk suka koma reshen da aka kamo su. Masu toshesshen hanci suka rarrabu barkatai. An buga sakamakon a 1954. Kowane rafi yana da ƙanshinsa daga ƙasarsa da duwatsunsa da ganyayen da ke faɗawa ciki, kuma ɗan kifin yana haddace wannan ƙanshi a lokacin da yake shirin gangarawa teku. A tsakiyar teku, inda babu ƙanshin rafi, bincike ya nuna yana amfani da maganaɗisun duniya ya kusanto gaɓar da ya fito, sannan hanci ya karɓi aiki. Duk lokacin da na tsaya a kan gadar nan na tuna da wannan sai na yi tasbihi.

Batun mutuwa gaskiya ne, kuma gara ki shirya yaran tun a mota. Duk shinuk da koho da suka dawo mutuwa za su yi, ko an taɓa su ko ba a taɓa ba. Sau ɗaya suke haihuwa a rayuwa. Za ku ga wasu da fararen tabo a jiki kamar auduga, fata na saɓulewa, suna iyo da ƙyar. Za ku ga gawarwaki a gefen ruwa, kuma akwai ƙarni, wani lokaci har wari. Ba annoba ba ce, ba kuma sakacin ma'aikata ba ne. Jikin ne ya juye duk abin da ya mallaka zuwa ƙwai da tafiya, garkuwarsa ta faɗi. Mace takan tsaya a kan gidan ƙwanta mako ɗaya ko biyu tana korar wasu mata kada su tone mata, har ƙarfinta ya ƙare ruwa ya tafi da ita. Kuma gawar ba asara ba ce. Kusan duk naman jikin a teku aka tara shi, don haka kifin taki ne ya ɗauko daga teku ya kawo tudu. Ƙwarin ruwa na cin gawar, 'ya'yan kifin da za su fito bayan watanni su ci ƙwarin. Mikiya da zalɓe da karen ruwa duk suna samun rabo, masana jihar sun lissafa halittu sama da 130 da ke amfana da salmon ta wata hanya, har a ganyen itatuwan bakin rafi ana samun sinadarin da asalinsa daga teku yake. In kika bayyana wa yaro haka, ƙyamar takan koma mamaki.

Daga gada sai ku bi kifin. Akwai shinge da aka gitta a rafin wanda ke hana shi wucewa sama, dole ya juya ya shiga matakalar da ke kai shi tankunan ajiya. A jikin bango akwai tagogin gilashi inda yaro zai tsaya ido da ido da kifi mai kilo bakwai ko goma. A nan ake tsare su har ƙwai ya nuna, wasu kuma a ɗaga su a sake su saman shingen su je su haihu da kansu. Ranakun da ake cire ƙwai ana sanar da su a shafin wurin, ki duba kafin ku fita, domin kallo ne da ba a mantawa.

Ga wanda ya san aikin tarwaɗa, abin zai zo masa a juye. Mu a gida mace muke yi wa allura da yamma, bayan awa goma zuwa goma sha biyu mu matse cikinta ƙwai ya fito, mu mayar da ita ruwa da ranta. Namijin ne ake yankawa a ciro 'ya'yan marainansa, domin ba ya matsuwa. A salmon yawanci babu allura. Ma'aikaci yana shiga ruwa har ƙugu, ya ɗago mace ya taɓa cikinta, in ya ji ya yi laushi ƙwai ya saki, sai a buge ta a ka ta mutu nan take, a tsaga cikin, ƙwai ya zubo cikin bokiti. Namiji kuma lanƙwasa shi ake yi a matsa, farin ruwan ya fito. A haɗa, a zuba ruwa kaɗan, cikin minti ɗaya an gama, sannan a jiƙa ƙwan a ruwan aidin don kashe cuta. Yaron da ya saba ganin yankan layya ba zai firgita ba, amma ƙaramin da bai taɓa gani ba ki riƙe hannunsa, ki tuna masa cewa kwanakin kifin sun riga sun ƙare. Ƙwan tarwaɗa bai wuce ƙwayar riɗi ba, mace mai kilo ɗaya tana ba da dubbai masu yawa. Na shinuk ya kai ƙwayar wake, ja mai ruwan lemo, kuma babbar mace ba ta cika wuce dubu huɗu zuwa biyar ba. Koho dubu biyu da rabi zuwa uku.

Bambancin da ya fi ba ni mamaki da na fara zuwa shi ne na haƙuri. A ruwa mai digiri 28, ƙwan tarwaɗa yana fashewa cikin kwana ɗaya, bayan kwana uku ɗan ya shanye gwaiduwarsa ya fara neman abinci. Ƙwan shinuk a ruwa mai digiri 10 sai ya yi kusan kwana 50. Ana jera shi a faifan roba masu raga, ɗaya bisa ɗaya kamar aljihun teburi, ruwan sanyi na ratsawa dare da rana, a cikin duhu domin haske na cutar da shi. Ma'aikata ba kwana kawai suke ƙirgawa ba, zafi suke tarawa: kwana ɗaya a digiri 10 maki goma ne, idan maki ya kai wajen 500 ƙwai ya fashe. Tun kafin nan, a tsakiyar hanya, ɗigo biyu baƙaƙe ke bayyana a cikin ƙwan, idanun ɗan kifin ke nan, kuma a lokacin ne ake girgiza su a tsince fararen da suka mutu. Bayan fashewa ɗan yakan kwanta wata guda ko fiye da jakar gwaiduwa rataye a cikinsa kafin ya taso. Sanyin nan ba ado ba ne. Ruwa mai digiri 10 yana riƙe da iskar oksijin kimanin miligiram 11 a lita, mai digiri 30 kuwa bai kai takwas ba. Tarwaɗa na iya leƙo kai ta shaƙi iskar sama, shi ya sa take rayuwa a kududdufin da ya kusa zama taɓo. Salmon ba shi da wannan baiwa. In aka sare itatuwan da ke yi wa rafi inuwa, ko laka ta toshe tsakanin tsakuwa, ƙwansa ya shaƙe ke nan.

Shinuk ana sakin su a watannin Afrilu zuwa Yuni na shekarar da suka fito, suna kamar tsawon yatsa. Koho sai sun shekara da wasu watanni a tanki, shi ya sa ko yaushe kuka je za ku tarar da su a dogayen tankunan da aka lulluɓe da raga saboda tsuntsaye. A cikin gini, ƙwai tara cikin goma na iya zama ɗan kifi, a rafi kuwa sau da yawa ɗaya ko biyu ne cikin goma. Amma bayan an buɗe ƙofa lissafi ya canza: cikin ɗari da aka saki, a samu ɗaya ya dawo an yi sa'a, shekaru da yawa ko hakan ba a samu.

Yanzu ga wasan da za ki ba yara a gaban gilashi, wanda kuma shi ne ƙofar babbar magana. A bayan kifin, tsakanin babban fiffiken baya da wutsiya, akwai wani ɗan ƙaramin fiffike mai tsoka kamar kan yatsa. Su duba wane kifi ke da shi, wane ne babu. Wanda babu, ɗan gidan ƙyanƙyasa ne, an yanke masa tun yana ƙarami don a gane shi. Wanda ke da shi, mafi yawa a tsakuwa aka haife shi. Wasu ma an sa musu ɗan guntun waya mai lamba a hanci, tsawonta milimita ɗaya, in masunci ya kama kifin a Alaska a karanta a san inda ya fito. Dokar kamun kifi a wurare da yawa ta dogara da wannan alama: mai yankakken fiffike ka tafi da shi, mai cikakke ka mayar ruwa, domin tun 1999 shinuk ɗin yankin Puget yana cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. Su ƙirga kifi ashirin su faɗa miki nawa ne masu fiffike. Abin da za su samu zai nuna miki halin da rafin ke ciki fiye da kowane allo.

Ina faɗin haka ne domin ina son wurin, amma ba na son a fita daga cikinsa da tunanin cewa an warware matsala. Kifin da ya tashi a tanki, abinci na sauko masa daga sama, babu zalɓe babu ambaliya, ba ɗaya yake da wanda rafi ya tace ba. A rafi mace ce ke zaɓen miji bayan maza sun gwabza, a bokiti kuwa ma'aikaci ne ya zaɓa. Wani bincike da aka yi a kogin Hood na jihar Oregon, aka buga a 2007, ya nuna cewa a wani dangin salmon ƙarfin haihuwa a rafi yana raguwa da kusan kashi 40 cikin ɗari a duk zuriyar da aka ƙara a tsare. Ƙasashen da ke kewaye da arewacin Fasifik, wato Japan da Amurka da Rasha da Kanada, suna sakin 'ya'yan salmon kusan biliyan biyar kowace shekara, duk suna kiwo a teku ɗaya da na daji. Fiye da shekara ɗari ana gina irin waɗannan wurare da alkawarin cewa za su maye gurbin kogunan da aka datse, kuma alkawarin bai cika ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a rufe. A rafin da gari ya kewaye, in aka rufe yau kifin zai ragu ƙwarai, kuma akwai masu haƙƙi a kansa. Ƙabilun asali na yankin sun sa hannu a yarjejeniyoyi a 1854 da 1855, suka ba da ƙasa bisa sharaɗin ci gaba da kamun kifi a wuraren da suka gada. Aka yi ta tauye musu har 1974, lokacin da alƙali George Boldt ya yanke hukuncin cewa rabin kifin da za a iya kamawa nasu ne. Tun daga nan su da jiha ke kula da kifin tare, kuma a wannan ruwa ƙabilar Muckleshoot ce ke kan gaba. Ƙabilun yankin ne kuma suka kai jihar kotu kan kwalbatocin da ke ƙarƙashin tituna suna tare wa kifi hanya, suka yi nasara a 2013, aka tilasta gyara ɗaruruwa. Akwai kuma manyan dabbobin teku baƙi-da-fari da ake kira orka, wani dangi nasu da bai kai 80 ba, wanda shinuk ne babban abincinsa.

In da abu ɗaya da nake so ki nuna wa yaran wanda makaranta za ta iya tsallakewa, yana wajen ginin ne, a bakin titi inda kika ajiye mota. Ki nemo ragar ƙarfen da ruwan sama ke shiga. Sau da yawa za ki ga an zana kifi a gefenta da gargaɗin kada a zuba komai. A unguwanni da yawa wannan magudana ba ta bi ta wurin tace ruwa, kai tsaye rafi take zuwa. Shekaru da dama masana suna ganin wani abin takaici a ƙoramun cikin Seattle, irin su Longfellow, waɗanda aka kashe kuɗi aka gyara: koho ya dawo lafiya daga teku, a yi ruwan sama, cikin awoyi kaɗan a gan shi yana zagaye a saman ruwa baki buɗe, ya kife ya mutu da ƙwai cike a ciki. A wasu ƙoramu daga kashi 40 har zuwa 90 cikin ɗari haka suke ƙarewa. Aka gwada man inji, aka gwada ƙarafa, ba su ba ne. Sai a Disambar 2020 masana daga jami'o'in jihar biyu suka bayyana mai laifin. Wani sinadari ne mai suna 6PPD da ake sa wa tayar mota don kada ta tsattsage. Taya na cinyewa a kwalta, garinta ya haɗu da iskar ozon ya rikiɗe ya zama guba, ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi. Ƙasa da kashi ɗaya cikin biliyan ya isa ya kashe koho. Motata da taki duk suna ciki. Abin da ya ba da fata shi ne, da aka bi da wannan ruwan titi ta cikin cakuɗen yashi da takin gargajiya da ƙasa kafin ya taɓa kifi, ba su mutu ba. Waɗannan 'yan lambunan da kike gani a ƙasa-ƙasa a gefen sababbin tituna, aikinsu ke nan. Don haka in maigida zai wanke mota, ya kai ta wurin wanki ko ya hau da ita kan ciyawa, kada kumfar ta bi kwalta.

Wannan ɓangaren yana taɓa ni domin a Kano na tashi, kuma na girma kafin na san cewa Jakara kogi ce. A wurina lambatu ce babba mai baƙin ruwa. Yaron da ya ɗauki ruwan unguwarsu a matsayin lambatu ba zai taɓa jin zafin abin da aka zuba a ciki ba. Haka kuma masuntan Hadeja da Nguru ba sai an yi musu bayanin abin da madatsa ke yi wa kifi ba, tun da aka gama Tiga a 1974 ambaliyar da kifi ke bi ya shiga fadama ya haihu ta ragu. Yaranki suna da damar ganin rafi a tsakiyar gari, da shaguna da motoci a gefensa, kuma da rai a cikinsa.

Ki tambayi mai zagayawa da ku labarin kokani, ɗan jan kifin da ba ya zuwa teku, a tafkin Sammamish yake ƙare rayuwarsa. Ƙabilar Snoqualmie na girmama shi, kuma a zangon 2017 zuwa 2018 waɗanda aka ƙirga sun dawo haihuwa ba su kai 20 ba, shi ya sa wurin ke cikin masu renon ƙwansa. Ki tambayi malamar ɗanki ko makarantarsu na cikin masu karɓar ƙwan salmon a watan Janairu su rena a tanki cikin aji, su saki a Afrilu ko Mayu. In suna yi, ki nemi a sa ki cikin iyayen da za su raka su ranar sakin. Kada yara su jefa wa kifin burodi ko dutse, kada su shiga ruwan domin ƙafa ɗaya a kan tsakuwa mai haske na iya murƙushe ɗaruruwan ƙwai, kuma ba a kamun kifi a wurin. Awa biyu sun ishe ku. In Allah ya kai mu Agusta mai zuwa, ki kai su Ballard, ku sauka ɗakin gilashin da ke gefen matakalar. A can za su ga shinuk ɗin tun yana fari sol kamar azurfa, cike da ƙarfi, makonni kaɗan kafin ya iso gadar Issaquah a kamannin da suka san shi.